Baraguzai da siminti ba za su tayar da badalar Kano ba

Tun da aka sanar a 2023 cewa za a yi amfani da baraguzan gine-ginen da gwamnatin Kano ta rushe wajen gyara badala, wata magana ta samu gindin zama a bakin mutane, har da waɗanda suka yi karatu: wai ko me aka zuba wa ganuwa ya yi, in dai ta ƙara tsayi. Ba ni da ja a kan kawar da shagunan da aka dasa a jikin badala, don tun farko bai kamata a yanka wurin filaye ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kiran wannan abu gyara. Ka ɗebo fasasshen bulo da guntayen rodi da tayil, ka jibga su a kan ginin ƙasa mai shekaru ɗaruruwa, abin da za ka samu tudun juji ne. Ruwan damina biyu ya isa ya tona asirinsa.

Wannan tunani ba jiya ya fara ba, kuma ba na wata jam'iyya ba ne. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Haka aka bi ƙofofi da dama: a ɗaga su sama yadda babbar mota za ta wuce, a yi musu zankwaye, a shafa fenti ruwan ƙasa, a rubuta suna a goshi. Sai a ce an raya tarihi. To wane tarihin? Ƙofar asali matsattsiya ce da gangan, mai kaurin bango, mai dogon lungu kamar zaure, da ƙyaure mai ƙarfe wanda Sarkin Ƙofa ke rufewa idan dare ya yi. Matsin nan shi ne hikimar, domin mahaya ba su iya kutsowa a jere. Yaron da ya tashi yana ganin ƙofar yau ba zai taɓa gane dalilin da ya sa Turawa suka sha mamakin ganuwar nan ba lokacin da suka iso Kano a 1903. In yana son ganin ƙyauren gaske, sai ya je Gidan Makama. Da an so, da an yanka wa titi hanya a gefe an bar tsohuwar ƙofa a tsaye. Ba a so ba, saboda a zuciyar masu yanke hukunci ginin ƙasa alamar talauci ne.

Su kan ce siminti ya fi ƙarko. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar nan. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Kusan shekara 800 ta yi a tsaye ba a san buhun siminti ba. Abin da ya riƙe ta hannun mutane ne. Idan damina ta ɗauke, a fito a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ruwa ya zaizaye, a yi yaɓe. Kududdufan da ke cikin birni da bayan badala daga nan aka haƙi ƙasar. Ban ce duk da son rai aka yi ba, akwai bayi da talakawan da aka tilasta. Amma ginin ƙasa haka yake, yana rayuwa ne muddin ana komawa kansa. Da yaƙi ya ƙare aka daina komawa, sai ruwa da mutane suka fara cin rabonsu.

Kuma duk maginin gargajiya zai gaya maka siminti maƙiyin ƙasa ne. Bangon tubali yana shan laima yana fitar da ita. Ka lulluɓe shi da filastar siminti, laimar ta rasa mafita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, waje kuwa sumul. Ran nan sai ka ga filastar ta ɓallo faifai guda, ta janyo rabin bangon. Kakanninmu suna da abin da ya dace da ƙasa. Akwai makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi ruwa ya riƙa zamewa. Dubi yadda sana'o'in suka riƙe juna: marinin Ƙofar Mata ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, magini ya haɗa. Yau matasa nawa ne a Kano za su iya haɗa laso? Nawa ne za su iya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro, da azara ba tare da ƙusa ba? Wannan ilimin ne ke mutuwa, kuma duk kwangilar siminti da aka bayar ƙara tura shi kabari take yi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Djenne ta ƙasar Mali, masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana nan daram, domin kowace shekara gari gaba ɗaya ke fitowa yaɓe. Mata su ɗebo ruwa, yara su tattake ƙasa, samari su hau itatuwan da aka bari a jikin bango don su zama matakala, unguwanni suna gasar wa zai riga gamawa, magina na tsaye suna duba aiki. A Agadas, hasumiyar masallaci mai tsayin mita 27 da ƙasa aka yi ta, da ƙasa ake gyara ta, har tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2013. Mutanen Agadas ba su fi Kanawa kuɗi ba. Ba su dai ɗauki ginin kakanninsu abin kunya ba ne.

Masu cewa wannan aikin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ne, hukumar tana nan tun 1979, a gabanta aka cinye abin da aka cinye. Masu jiran UNESCO kuwa, badala na cikin masu jiran shiga wancan jerin tun 2007, kuma ba wanda zai zo daga hedkwatar hukumar a Faransa ya karrama abin da masu shi ke zubar wa shara.

Nan ne maganar ta fi zafi. Ba gwamna ne ke zuwa da jaki ko kura ya haƙi ƙasar badala ya kai gini ba. Ba kwamishina ne ke mai da gindinta makewayi ba. Mai kuɗin da ya sayi fili a kanta ya san sarai abin da ya saya, kuma a birni aka haife shi. Mu ne muke kirari da Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, mu ne kuma muke kallo ana sayar da shaidar kirarin taku-taku. Unguwar da ke iya tara kuɗin taransufoma, ta kafa 'yan sintiri, ta yashe magudanar ruwa kafin damina, ba za ta ce gyaran bangon da ke bayan gidajenta ya fi ƙarfinta ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Masarauta ta raba abin da ya saura na ginin asali ga unguwannin da ke maƙwabtaka da shi, kowace ƙofa da mutanenta, a ƙarƙashin masu unguwanni. A sa rana guda bayan kaka a yi gayya. A nemo tsofaffin magina tun suna da rai, a biya su, a haɗa su da ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Bayero. Gwamnati ta kawo ƙasa da ruwa da tsaro, ta hana yanka fili, sannan ta rubuta a doka cewa ba mai sake kusantar badala ko wata tsohuwar ƙofa da buhun siminti.