Tsakanin Nima da Kasuwar Rimi: cefanen wanda aka rage wa tumbi

Tun da aka yi wa maigidana tiyatar rage ƙiba, 'yan'uwa daga Kano ke tausaya mini a waya, wai ina zan samo masa abinci a ƙasar da ba tawa ba. Ra'ayina ya saɓa da nasu. A ganina wanda aka yi wa wannan aiki ya fi samun sauƙin cefane a Accra, muddin mai cefanen ta nufi kasuwar Nima ko ta Madina, ta rabu da manyan kantunan Osu da East Legon.

Aikin da aka yi masa shi ne wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Loma kaɗan ke cika shi, don haka kowace loma sai ta zama mai amfani. Likitoci kan so irin waɗannan mutane su samu giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana, ga shi ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Shi kuwa sukari, idan ya yi yawa, zarcewa yake cikin hanji da sauri. Minti 10 zuwa 30 bayan ci sai zufa ta keto, zuciya na dukan uku-uku, ga jiri ga murɗar ciki. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa ya faɗi, jiki ya kama karkarwa. Abin ya fi samun waɗanda aka sauya wa hanyar hanji, amma masu irin aikin maigidana ma ba su tsira ba.

Abin da ya ba Accra galaba shi ne kifi. A Kano kifi abincin marmari ne a gidaje da yawa, sai na ƙanƙara ko tarwaɗa ko busasshe mai tsada. A nan bakin teku muke. Kowane lungu na kasuwa akwai bandar kifi jibge a faranti, daga ƙananan da ake dakawa a miya har tuna da karfasa. Nakan ɓare shi, in tsince ƙaya, in marmasa cikin miyar ganyen gwaza, wadda 'yan nan ke kira kwantomire, ko cikin ayoyo. Yana da laushi, yana wucewa ba gardama, kuma babu wanda ya taɓa barbaɗa masa sukari. Sai wagashi, cukun Fulani, wanda idan aka dafa shi a miya maimakon soyawa yakan yi taushi sosai. Ga wake, ga yalo, ga kuɓewa.

Kano ma tana da nata, kada in yi mata rashin adalci. Ina kewar kindirmon da Bafulatana za ta buɗe ƙwarya ta ɗebo miki, kina gani da idonki ba a sa masa komai ba. Ina kewar awara a kowane layi, da zogalen da ake kwaɗawa da ƙuli. A nan Accra, wajen nono da abin sha na fi shan wahala. Burkina, wato gero da nono da ake sayarwa a gora, ta riga ta sha sukari kafin ta iso hannunki, haka zoɓo, haka yawancin yogot na kanti. Abin da aka rufe a gora ba a yi masa gyara.

Koko ne ya fi mutunci, domin a gabanki ake zuba masa sukari. Wata dattijuwa da ke sayarwa kusa da gidanmu, da na fara ce mata, "Inna, kada ki sa," sai ta tsaya da cokali a hannu ta ce, "'Yata, lafiya dai ko?" Yanzu da ta hango ni take ajiye cokalin. Duk da haka kokon ba shi ne abincin ba, gari ne da ruwa, rabin kofi ya ishi maigidana, bayan ya ci dafaffen ƙwai an ɗan jima. Ba a haɗa masa ci da sha lokaci guda, sai an bar kusan minti 30 tsakani.

Manyan kantuna kuwa, a nan ake raba mutane da kuɗinsu. Za ki ga biskit an rubuta babu sukari, farashinsa ya sayi kifin kwana biyu, alhali fulawa ce da mai da wani abin zaƙi irin su sobitol, wanda ke sakin ciki. Lemon kwali da aka ce ba a ƙara masa sukari ba yana ɗauke da nasa na 'ya'yan itace, wajen giram 10 a kowace mililita 100. Ni bayan kwali nake juyawa. Ma'aunin da ake bi a Ingila ya wadatar da ni: giram 5 ko ƙasa da haka a cikin giram 100 na abinci shi ne kaɗan, abin da ya haura 22.5 ya yi yawa. Giram 4 cokalin shayi ɗaya ne, ki raba da kanki ki gani. Abin da ke kai ni can bai wuce yogot marar zaƙi da madara marar maiƙo ba.

Gwamnatocin biyu sun sa haraji a kan lemon zaƙi, Najeriya naira 10 a kowace lita a 2022, Ghana kashi 20 cikin ɗari a 2023. Na Ghana ya fi cizo, kuma na yaba. Sai dai harajin bai kai ga gorar zoɓon da aka haɗa a tsakar gida ba, bai kuma kai gidan suna ba. A nan Nima da Kano duk ɗaya suke. Za a dire wa baƙo lemon malt, ana cewa yana ƙara jini, alhali zaƙi ne zalla, in ya ƙi a ce ya raina. Maigidana ya sha jin "Alhaji, ko kurɓi ɗaya mana," daga mutanen da ke ƙaunarsa da gaske, waɗanda ba su san abin da kurɓin zai jawo masa ba.

Roƙona ga matan zango masu burkina da zoɓo shi ne su riƙa ware 'yan gorori kafin su zuba sukari. Masu ciwon sukari a unguwar nan sun fi masu tiyata yawa nesa ba kusa ba, kuma za su saya.