Mai gyambon babban hanji ba sai ya rabu da harza har abada ba

Ana cewa da zarar likita ya tabbatar wa mutum yana da cutar alsaratif kolaitis, wato kumburi da gyambon da ke kama babban hanji da dubura, sai ya yi sallama da ganye, wake da 'ya'yan itatuwa. Wai harza, wato zare-zaren da ke cikin irin waɗannan abinci, ita ce ke kankare gyambon. Ba haka abin yake ba. Garkuwar jiki ce ke far wa bangon hanji, ba abinci ba.

Inda zancen ya samo tushe shi ne lokacin da cutar ta motsa. Mutum na zaryar bayan gida, ga jini, ga murɗar ciki. A nan likita kan ce a sassauta ɗanyen ganye, ɓawon tuffa da ƙwayoyi masu tauri irin su gyaɗa, don suna ƙara gudawa. Na ɗan lokaci ne.

Idan cutar ta lafa, harza aboki ce. Ba ta narkewa a ƙaramin hanji, sai ta isa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su ci, su fitar da sinadarin butiret. Da shi bangon babban hanji ke samun mafi yawan kuzarinsa. Wanda ya daɗe yana ƙaurace mata, ya yunwatar da waɗannan ƙwayoyin ke nan.

A fara da mai laushi: ayaba nunanniya, dafaffen karas, tuffa ferarriya. Kaɗan-kaɗan, da ruwa isasshe, ana lura da abin da ciki ya ƙi. Magani irin su mesalazin kuma a ci gaba da sha. Wanda aka ce hanjinsa ya tsuke, ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara.