Tarihin mota: mai sayarwa ya biya, mai saye ya gani kyauta

Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1981 tana ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, mu kuma muke ce mata lambar shasi. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake bin diddigin mota: hannu nawa ta sauya, me mitarta ta nuna a shekara kaza, ta taɓa hatsari ko ba ta taɓa ba, kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta ko a'a. Bayanan suna nan a ajiye. Gardamar ita ce wa zai biya kafin a buɗe su.

Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Carfax, wanda aka kafa a jihar Missouri a 1984. Rahoto ɗaya a wurinsa ya haura dala 40. Akwai kuma AutoCheck na kamfanin Experian. Ga Ba'amurke wannan kuɗi ba wani abu ba ne, amma ga ma'aikacin Kano ko Kaduna bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba. Kuma ba wanda ke duba mota ɗaya tak ya saya. Sai ka zaga wurin dillalai ka ga huɗu ko biyar, kowace da nata rahoton. Shi ya sa yawancinmu muke haƙura, mu ɗauki bakanike ya leƙa inji, ya ƙwanƙwasa jiki, mu ce Allah ya sa albarka.

Masu kare kamfanonin suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Tattara bayanai daga garejin gyara da ofisoshin 'yan sanda da wuraren gwanjo aiki ne mai cin kuɗi, kuma wanda ya yi aiki ya cancanci lada. In mutum yana son sanin ranar da aka canza wa mota baƙin mai ko aka sa mata sabon birki, to ya biya. Amma akwai abubuwa biyar da ba na jin ya halatta a sa musu farashi: motar ta sata ce? Inshora ta taɓa cire ta daga lissafi? Ambaliya ta taɓa cinye ta? An juya mitarta? Kamfanin da ya ƙera ta ya yi kiran a mayar da ita saboda wani lahani? Mafi yawan waɗannan amsoshi daga ofisoshin gwamnati suke fitowa, ko daga kamfanonin da doka ta tilasta musu kai rahoto. An riga an tara su da kuɗin jama'a.

Ita kanta Amurka ta fahimci haka, sai dai ta tsaya a rabin hanya. Dokar yaƙi da satar motoci ta 1992 ta haifar da rumbun bayanan motoci na NMVTIS, wanda yanzu yake ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, inda jihohi da kamfanonin inshora da masu sayen ɓaraguzan motoci ke zuba bayanai. Rahotonsa 'yan daloli ne kawai, amma ba kyauta ba. Hukumar NICB mai yaƙi da satar motoci da zambar inshora, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta buɗe binciken VINCheck kyauta bayan guguwar Katrina ta 2005, lokacin da aka ji tsoron motocin da ruwa ya ci za su dawo kasuwa da sabon fenti. Ingila ta fi su sauƙi: da lambar mota kawai za ka ga sakamakon gwajin lafiyarta na shekara-shekara a shafin gwamnati, har da abin da mita ta nuna a kowane gwaji, ba ko sisi.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Beljiyam. Tun 2006, duk mai sayar da tsohuwar mota ga mutumin da ba dillali ba dole ne ya miƙa masa takardar Car-Pass, wadda ke jera kilomitocin motar daga farko, kamar yadda garejoji da wuraren gwaji suka rubuta. In bai miƙa ba, mai saye yana da damar neman a warware cinikin. Ka ga an ɗora nauyin a inda ya dace. Mai sayarwa zai biya sau ɗaya, masu taya goma su gani. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A fiƙihu, bayyana aibin kaya wajibi ne a kan mai sayarwa, kuma mai saye na da zaɓin mayarwa in ya gano daga baya. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai kayan me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Motar da ta kwana cikin ambaliya aka busar da kujerunta, jiƙaƙƙen hatsi ce da aka tura ƙasan tari.

Kuma mu ne ƙarshen hanyar irin waɗannan motoci. Da yawa daga cikin waɗanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Legas an saye su ne a gwanjon Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta lalata motoci dubu ɗaruruwa a Texas. Sayen mai hatsari a gyara ba laifi ba ne, da yawa ma arharta ce ta sa suka mallaki mota. Laifin shi ne a sayar da ita da farashin lafiyayya. Wadda ruwa ya ci ta fi muni, domin ba ta nuna komai ranar ciniki. Sai bayan watanni wayoyi su fara tsatsa, kwamfutar motar ta rikice a tsakiyar titin Abuja zuwa Kaduna. Ga kuma jakunkunan iska masu kare direba a hatsari na kamfanin Takata, waɗanda suka jawo kiran mayar da motoci mafi girma a tarihin Amurka, saboda suna fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, kuma zafi da laima na ƙara haɗarinsu. Tsofaffin Accord da Civic da Corolla da suka cika titunanmu suna cikin jerin. Ana iya duba wannan kyauta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, amma dillali nawa ne ya taɓa gaya wa mai saye?

Rahoto mai tsabta dai ba shaidar lafiya ba ne. Hatsarin da ba a kai wa inshora ba ba zai fito ba, kuma akwai masu yawo da mota daga jiha zuwa jiha har tambarin da ke nuna ta taɓa lalacewa ya ɓace daga takardunta. Bakanike na nan da amfaninsa.

Abin takaicin shi ne da zarar mota ta taka ƙasar nan, tarihinta ya yanke. Alhali tun 2022 hukumar kwastam da lambar shasi take ƙiyasta kuɗin fito. Ma'aikatar kuɗi na da rajistar motoci ta VREG, hukumar kiyaye haɗurra na da tata, 'yan sanda ma na da tasu. Kowa ya karɓi lambar domin ya karɓi kuɗi, ba wanda ya mayar wa mai saye da komai. Ba sabon rumbu ake buƙata ba. A wajabta wa mai shigo da mota ya haɗa rahoton NMVTIS da takardun fito, kwastam ta rubuta matsayin motar da abin da mitarta ta nuna ranar da ta sauka, sannan a buɗe shafi inda kowa zai sa lambobin nan 17 a wayarsa ya gani yana tsaye a gaban dillali.