A Japan santi ba abin kunya bane

Shekarata uku kenan a Osaka, kuma har yau abinda ya fi ɗaure min kai a cin abincin mutanen nan ba tsinkayen nan biyu da suke kira hashi bane, wannan cikin wata guda hannu ya saba. Santi ne. Mu a gida kana cikin cin tuwo ka kuskura kace kai miyar nan tayi daɗi, shikenan ka jawo wa kanka, yara da manya za'a saka ka a gaba, har wani yace a riƙe shi kar santi ya kwashe shi. To ranar da wani abokin aikina ya fara gayyatata gidansu na zauna nayi tsit ina kai loma a hankali, ni a dole ɗan gidan tarbiyya, ashe matarsa ta ja shi kicin tana tambaya ko abincin ne bai min ba. Nan dole sai kace oishii, wato da daɗi, kuma ba sau ɗaya ba. A talabijin ma zakaga babban mutum ya lumshe ido yana ta oishii oishii, wallahi da a unguwarmu ne ya samu sunan da zai bi shi har tsufa.

Ga kuma taliyarsu, ramen da soba, da ƙara ake zuƙarta, fuuut, shago gaba ɗaya ya ɗauka. Da kakata ce a wajen da kowa ya sha ranƙwashi.

Inda na sallama musu shine maganar ragowa. Mu baƙo baya suɗe kwano, sai ace kwaɗayayye ne, kuma akwai dalili, abinda ka rage yaran gida ne zasu ci ko almajirin dake bakin zaure. Nan babu mai jiran ragowarka, bola zata tafi, shi yasa tun suna yara ake koya musu kar a bar ko ƙwayar shinkafa ɗaya a kwano, suna da kalmarsu mottainai, kamar kace kaico anyi asara. Mu da addini ma ya hore mu da suɗe kwano, je ka kalli tulin shinkafar da ake kwashewa bayan dinar biki kaji kunya.

Abu biyu ne basa wasa dasu, duka kuma mutuwa suke tuna musu. Kar ka soka tsinken a tsaye cikin shinkafa, haka ake ajiye wa mamaci. Kar kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinkenka zuwa nasa, don bayan an ƙona gawa da irin haka dangi suke tsince ƙasusuwan. Yadda fuskarsu ke canzawa kamar a ce baƙo ya tsoma hannun hagu a tire ne a gidanmu. Su kuwa hagu bata dame su ba, da ita ma ake ɗaga kwanon shinkafa zuwa kusa da baki.

Amma fa akwai abinda zuciyata ta ƙi karɓa. Suna cewa itadakimasu kafin su fara, su ce gochisousama in sun gama, yana kama da bismillah da alhamdulillahi ɗinmu, sai dai tamu bismillar harda tayin abinci a ciki. A ofis da rana kowa zai buɗe ɗan akwatin abincinsa da suke kira bento kana zaune a gefe, ba mai ce maka sa hannu. Ba rowa bace, su a wajensu takura ka ne basa so. Ni dai na kasa, rannan na tura wa na kusa dani dafadukata nace dozo, wato bismillah, bawan Allah ya rikice yayi ta sunkuyar da kai, ya ɗebi cokali ɗaya. Washegari sai gashi da kwalin biskit an naɗe shi da takarda mai kyau, wai ramuwar cokali ɗayan nan.