Kare da Mushe

Da la'asar sakaliya Mushe (wato Monsieur) ya biyo bakin gudron na unguwar Zariya a Maradi da kare a igiya. Ko in ce karen ne ya biyo da Mushe, don shi ke gaba. Ɗan kabu-kabu na giftawa kare ya zabura, sai ga Mushe rungume da bencin mai shayi.

Mai shayi: Sannu Mushe! Ba ka ji ciwo ba?

Mushe: Ciwon mi? Horo ne nake ba shi. Reks, asi! Kushe!

Mai shayi: Ai tun da ya shanyo kwana muke kushe shi.

Mushe: Faransanci ne, cewa na yi ya kwanta. Ba ya jin Hausa. Kuma ba ya cizo, tsoro ne ke sa shi haushi. Babur, akuya, yara, mutum mai babbar riga, su kaɗai ne ba ya so.

Mai shayi: To ai ka lissafa Maradi kaf.

Ɗan kabu-kabu ya kashe inji, ya turo babur da hannu har ya wuce. Wannan fa mutumin da ko jar wuta ba ta tsayar da shi.

Malam: Kai yara, ku ja baya, kada wanda ya jefe shi! Mai shayi, samo tsohuwar roba ka ba shi ruwa, harshensa ya kusa taɓa ƙasa. Akwai wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare da takalminsa.

Mushe: Allah gafarta Malam, ruwan firji kaɗai yake sha.

Mai shayi: Da wane kuran? Tun hantsi suka ɗauke.

Kafin Mushe ya haɗa amsa kare ya lashe robar tas.

Malam: An dai yi masa allurar haukan kare?

Mushe: Yana da kati har da hoto. Jikka nawa na kashe! Ni kaina hotona bai kai nasa kyau ba.

Mai shayi: Wannan kam mun shaida.

Sai ga Hajiya mai ƙosai da jar akuyarta, irin ta Maradi da ake yi wa kirari saboda fata. Kare ya miƙe, igiya ta ɗaure, takalmin Mushe ɗaya ya yi gaba. Hajiya ta tura akuya bayan katanga, ta jefo ƙosai biyu.

Hajiya: Kai! Zauna nan, ɗan nema!

Ya zauna. Har da kaɗa wutsiya.

Malam: Ashe yana jin Hausa.

Mushe: Umarnina ne na ɗazu ya iso masa yanzu. Karen Turai sai ya yi nazari.

Hajiya: Ɗana, gobe ka fito da shi bayan asuba, kafin babura su tashi. Ungo sauran ƙosan, in ya ga abin tsoro ka ba shi ɗaya.

Mushe: Na gode Inna, amma ba ya cin mai.

Ya dai karɓa, ya zura a aljihu.

Mai shayi: Malam, wai ya halatta mutum ya riƙa yawo da shi haka?

Malam: Kare da mushe? Wa ya isa ya raba su?