Safar hannu ta fam 32 da jar akuyar gidanmu

Tsakuwa 11 aka ciro daga tafin hannuna na dama. Ɗaya bayan ɗaya na ƙirga su, ina zaune a kan kututture cikin dajin Glentress, wata dattijuwar Baturiya da ban taɓa gani ba ta durƙusa gabana tana tsince su da matsefata. Sa'ar Innata ce, in ma ba ta girme ta ba. Minti biyar kafin nan ta wuce ni a gangare kamar an harba kibiya, ni kuma garin in nuna mata ba a bar ni a baya ba, tayar gaba ta hau wata saiwar itace mai santsi, keke ya yi gabas na yi yamma. Kowa ya san abin da mai faɗuwa yake fara kai wa ƙasa.

Da ta wanke ciwon da ruwan gorarta ta naɗe shi, sai ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna mini safarta, duk ta koɗe, ta ce: "Yaro, a ƙasarku ba a sa wannan ne?" Ba da wulakanci ta faɗa ba, amma wallahi maganar ta fi tsakuwar shiga nama. Na ce mata mu hannunmu ya saba. Ta dubi hannun da ya saba ɗin, jini na tsattsafowa ta cikin bandeji, ta hau kekenta ta tafi.

Bari in kwatanta muku wurin, don kada ku ɗauka irin tudun nan ne na hanyar Dange a jiharmu ta Sakkwato. Glentress daji ne na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, a kan tuddai kusa da garin Peebles, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da Edinbura a ƙasar Sikotlan. Takanas aka sassare siraran hanyoyi a cikinsa don masu keke, aka raba su da launi: kore na masu koyo, shuɗi, ja, sai baƙi na waɗanda suka raina ƙashinsu. A nan aka yi wani ɓangare na gasar keke ta duniya a watan Agustan 2023, shi ya sa kowane ɗan koyo irina yake jin kansa gwani da zarar ya shiga. Ƙasar ba ta bushewa. Ko ba a yi ruwa yau ba an yi jiya, saiwoyi sun fito sun kwanta a kan hanya kamar macizai, an zuba dakakken dutse mai kaifi a kwanoni don kada laka ta cinye hanyar. Ranar Asabar za ka ga likita da direban bas da yarinya 'yar shekara bakwai, kowa da hular kwano, da kariyar gwiwa, da tabarau, da safar hannu. Keken wani ya fi motarsa tsada. Su sha wuya su hau tudu, su gangaro, su sake hawa, ba wanda ya aike su.

Hular kwano na yarda da ita tun farko, don kai ba a wasa da shi. Safar hannu ce na ɗauka kwalliya. Ni da na tashi ina tuƙa keken Baba, Phoenix, a Sakkwato daga Mabera zuwa Tsohuwar Kasuwa da buhu a baya, birkin ma sai an haɗa da silifas? Kantar da ke hannuna ita ce safata, haka nake faɗa wa abokan da suka koya mini wannan wasa.

Mako uku na yi da bandeji. Aiki ya tsaya, kuma a nan in ba ka je ba ba wanda zai ce Allah Ya sawwaƙe ya cika maka albashi. Alwala sai shafa. Tuwon semo da na tuƙa da hagu, na zauna ina cinsa da cokali kamar baƙo. Nan na san dattijuwar nan ta fi ni gaskiya.

Da na warke na shiga shagon kekuna, kuma abin da na koya a can da bayan nan ya fi abin da na zata yawa. Farko dai na yi kuskuren mai arha: na sayi wata a intanet, mai tafin soso mai kauri, ina ganin kauri shi ne kariya. Fita uku ta yi ɗinkin tsakanin babban yatsa da manuniya ya buɗe. Ga shi ta yi mini yawa, tafin yana tattarewa in na damƙi kan keke, sai ga bororo a gindin yatsu. Ashe safar da ta yi yawa ta fi rashin safa cutarwa a doguwar tafiya. Yadda ake awo shi ne a zagaya tafin hannu da zare daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, a gwada da ma'aunin kamfanin, don matsakaicin wani kamfani ƙaramin wani ne. Kuma kada ka gwada ta hannu a buɗe kamar mai roƙo. Kama kan keke a shagon, matsa birki. In ƙarshen yatsa ya takura ko ɗinki ya shiga ƙarƙashin farce, ajiye ta. Abin da ya dame ka kaɗan a shago zai hana ka sakat bayan awa biyu.

Mai yankakkun yatsu ta masu tseren kwalta ce. A daji ana son mai rufe yatsu duka, saboda ƙaya da rassa da kuma irin abin da ya same ni. Yawancin masu gangaren dutse sun fi son tafi siriri mara soso, na ƙirar roba mai kama da fata, don hannu ya ji abin da taya ke takawa. Mai soso tana da ranarta: akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu zuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, in an daɗe ana danne ta sai yatsun biyu su mutu, to ɗan soso a daidai wurin yana ragewa. Amma in yatsun suna mutuwa kullum, a duba tsayin sirdi da yadda aka karkata hannun birki tukuna, kada a ɗora wa safa laifin keke. Birkin kekunan nan na mai ne, da yatsa ɗaya ake kama shi, shi ya sa ake ɗiga roba mai danƙo a kan manuniya da na tsakiya don kada su zame cikin ruwa. A bayan hannu wasu suna da wani abu ruwan lemo da ake kira D3O, mai laushi in ka lanƙwasa shi, ya ƙage nan take in an buge shi, don kare gaɓoɓi daga itace. A bayan babban yatsa kuwa akwai ƙyalle mai taushi. Na tambayi mai shago amfaninsa, ya ce na share majina ne, ko dariya bai yi ba. Maɗaurin wuyan hannun irin mai ƙaya-ƙaya ne da ke mannewa, wanda wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya ƙirƙiro bayan ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙale wa karensa a 1941. Mu da muka shekara ɗaruruwa muna cire ƙarangiya daga wando, ba wanda ya yi kuɗi da ita.

Safa ba ta hana karaya, wannan a sani. In ka dira da ƙarfi a kan tafin hannu, ƙashin wuyan hannu zai iya tsagewa ko da me ka sa. Fata take tsarewa, da riƙo. Sannan a nan guda ɗaya ba ta isa: ga ta bazara mai raga a baya, ga ta sanyi mai ɗan kauri, don a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, yatsun da suka daskare kuwa ba su kama birki. Wanki da ruwan sanyi, a manne maɗaurin kafin a jefa inji, kada a shanya a kan na'urar ɗumama ɗaki, sai ta ƙandare.

Na kira Yayana, wanda ya shekara fiye da goma yana kabu-kabu, na ba shi labari. Dariya ya yi har da tari. "Kai, mi yak kai ka hawan dutse bisa keke? Aike aka yi ma? Kuma safar hannu ta Naira nawa?" Da na juya masa fam 32 zuwa Naira sai ya yi salati.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, wa zai cusa hannu cikin safa? Mai neman na cefane ba ya tunanin kayan wasa. Su Turawa suna faɗuwa ne don nishaɗi, mu muna faɗuwa a bakin nema. Duk na yarda. Amma ai wannan ɗin ne ya sa abin ya fi kamata da mu. Wanda ke faɗuwa don nishaɗi ya rufe hannunsa, wanda hannun shi ne jarinsa ya bar shi tsirara. Ku tsaya a shataletalen Dandima da safiyar hunturu ku dubi hannayen masu babur: sun yi fari fat, sun tsage a gaɓoɓi, wani ya cusa hagu cikin aljihu yana tuƙi da dama. Yayana yana da tabo tun daga gindin babban yatsa har wuyan hannu, na ranar da akuya ta gitta masa a hanyar Kware. Wata guda bai fita ba, Inna ce ta riƙe gidansa. Har yau in ya ba da labarin cewa yake ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ba musu, amma kwalta ba ta cin hannun da ke cikin fata kamar yadda take cin wanda ba shi da komai. Mun mai da rashin kariya jarumta, har nake gaya wa tsohuwa hannunmu ya saba alhali jinina na ɗiga a takalminta.

Wadda na ƙare da saye, ta fam 32 ɗin, ba irin ta roba ba ce. Tafinta fatar akuya ce. Mai shagon ya ce masu keken dutse ba su cika ɗaukarta ba, don fata ba ta son jiƙa da bushewa kullum, masu babur ne suka fi nemanta. Amma ta fi jure gurzar ƙasa, kuma tana bin siffar hannu in an daɗe da ita. Ina kai ta hanci sai na tsaya. Shekara huɗu rabona da gida, ban san ƙamshin jemammiyar fata zai iya yi mini haka a gaban mutane ba. Na juya takardar da ke ciki: fatar akuya, ɗinkin Pakistan. Garin Sialkot na can ya shahara da ɗinkin safar hannu da ƙwallo. Takardar ba ta damu da faɗin inda akuyar ta yi kiwo ba.

Na so in koma dajin nan in nemo dattijuwar in ba ta amsar da ta dace. In ce mata, Iya, a ƙasarmu ba a sa wannan, amma je ki tambayi masu yi wa littattafai bango a ƙasarki wace fatar akuya suka fi daraja. Jar akuyar Sakkwato ce, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ta Maraɗi. Ita ce a da ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don a can suka gan ta. In ce mata wani ɗan ƙasarta, Hugh Clapperton, mutumin Annan a nan kudancin Sikotlan, ya taka har Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake komawa ya rasu a can a 1827, kuma a lokacin majemanmu sun daɗe da gwanancewa. Sai dai na san abin da za ta tambaya, mai matsefata ba ta kwana-kwana: to ina safar?

Kawuna majemi ne. Ina yaro nakan kai masa abinci in tsaya nesa saboda wari, ina kallonsa tsugune, hannu tsundum cikin ruwan toka yana tuje gashi, daga nan zuwa ruwan bagaruwa, daga nan a shafa jan karan dafi. Farcensa sun rine har abada, tafinsa kamar bayan kunkuru, in ya shafa kaina sai in ji kamar an goga mini dutsen wanka. Fatar da ta fita daga hannun nan tana da laushin da za ka naɗe ta a yatsa. Shekara arba'in yana tausasa fata don hannun wasu, bai taɓa rufe nasa ba. Yanzu yatsunsa ba su miƙewa, jikansa ke ɓare masa goro. Dukawan unguwar Madunka kuma suna nan suna ɗinka titimi da jaka da takalmi da kube, masu kyau ƙwarai, 'yan yawon buɗe ido da ke saye sun ɗauke ƙafa, ga dubban masu babur suna wucewa ta ƙofar rumfarsu da tsagaggun hannaye.

Makon jiya na ɗora hannuna a kan farar takarda na zagaye shi da biro, tabon ma na zana shi a inda yake, na ɗauki hoton safar ciki da baya, na tura wa Yaya ta WhatsApp. Na ce ya kai wa Kawu ya zaɓo fata mafi laushi, a kai wa baduku a gwada, guda biyu, ɗaya tawa ɗaya tasa, a huda bayan saboda zafi. Jiya ya aiko da saƙon murya, ana jin ƙarar babura a bayansa. Ya ce badukun ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce zai gwada, amma a tambaye ni ko dole ne sai da yatsun duka biyar, don su ne wahalar. Kawu kuma ya ce a gaya mini fata tana nan ya ajiye, amma shi ba ya auna hannu a waya, in zo da hannun.