Wane Yatsa Ne, Yallaɓai?

Tunda labarin ya riga ya zaga ko'ina, har wata ma'aikaciyar cikin jirgi ta tare ni tana tambaya wai da gaske ne na yi kokawa da jirgi ya kayar da ni, gara ku ji daga bakina, ba daga bakin yaron nan mai jan biro ba.

Jarrabawar matuƙan jirgi ta wata shida-shida ce a simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ta Boeing 737-800, a lokacin tsakar daren nan da ake ba waɗanda ba su da uwa a gindin murhu. Ni a kujerar dama, Kyaftin ɗin da kuka sani a hagu, Malam mai jarraba mu a baya da allonsa. Sai yaron, wanda aka ce kallo kawai ya zo yi, don bai ma gama kwas ba.

Baki shi ke yanka wuya. Tun a ɗakin bayani Malam ya jefo tambaya: in za ka sauka da hannu, yaya za ka yi da totur mai sarrafa kansa? Amsar tana cikin littafin horo na Boeing, kowa ya haddace ta. A 737, wajen tashi da hawa ka bar shi a kunne ko da hannu kake tuƙi, amma daga nan in ka kashe otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, shi ma ka kashe shi. Dalilin kuwa injunan a ƙarƙashin fukafukai suke rataye: a ƙara wuta hanci ya ɗaga, a rage wuta hanci ya sunkuya. In hannunka ne ya tura sandar totur, ka san da zuwan abin, ka tare shi da sitiyari tun bai iso ba. In na'ura ce ta tura, sai dai ka ji a jikinka.

Da na faɗi haka na yi shiru, da yanzu ina da mutuncina. Sai na gyara zama na ce, "Malam, ai wannan tsohon yayi ne." Na kawo musu jirgin Airbus A320 da na baro, inda kake ajiye sandunan a gurbin hawa, wato CL, bayan tashi, ba za su ƙara motsi ba, kwamfuta tana ƙara wuta tana ragewa, sai a ƙafa 20 murya ta tuna maka ka jawo su baya. Na kawo 777, inda Boeing ɗin da kanta ta ce a bar shi a kunne har ƙasa. Abin da na tsallake shi ne waɗancan biyun kwamfuta ce ke tsakanin hannunka da fiffike, ita ke shanye ɗagawar hancin. A 737 kuwa wayoyin ƙarfe ne da haidirolik, sai kai. Na san wannan sarai, daɗin surutu ne ya ɗebe ni.

Malam ya ce, "To madalla. Yau sai ka koya mana." Yaron ya cire murfin biro.

Sarari garau, titin sauka ga shi nan tun daga nesa. A ƙafa 1,500 na kashe otofailot, na bar totur, MCP SPD yana nan kore a saman allo, alamar totur ne ke riƙe gudu. Tayoyi a ƙasa, filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa wajen sauka, a matakin 30. Fitilun gefen titi biyu fari biyu ja, yadda ake so. Har na ɗan saci kallon Kyaftin don in ga ko ya lura.

Sai fitila ta uku ta yi fari, alamar na ɗan yi sama. Na danna hanci kaɗan. Gudu ya ƙaru da not uku ko huɗu (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), sandunan suka sulale baya a ƙarƙashin tafina, hancin ya ƙara sunkuyawa da kansa fiye da yadda na nema. Uku ja. Na jawo. Gudu ya faɗi, sandunan suka yi gaba, injin kuma ba ya amsawa nan take, sai da na gama gyarawa sannan wutar ta iso ta ɗaga min hanci. Huɗu fari. Kamar mutum biyu sun haɗu a ƙofa, kowa yana kauce wa kowa suna ta cin karo. Babban yatsana na kan tirim, maɓallin daidaita hancin jirgi, faifansa yana ta ƙara a gefen gwiwata, gaba, baya, gaba. Simuleta kuma ba ta rufa wa mutum asiri, ƙafafunta shida suna kwaikwayon kowane lilo, ina jin takardun Malam suna zamewa a baya.

Kyaftin, a hankali, ba tare da ya juyo ba: "Kashe shi mana."

Yanzu ku saurara, don nan ne ake min ƙarin gishiri. Maɓallin kashe totur yana gefen kan sanda, babban yatsa ke danna shi. TO/GA kuma, wanda ake dannawa in an fasa sauka, yana gaba, ƙasa kaɗan, daidai inda manuniya take hutawa. Tsakaninsu bai kai tsawon yatsa ba. Ni babban yatsa na aika. Wanda ya je daban ne.

Sandunan nan suka tafi gaba da hannuna a kai. Injuna suka ɗauki kuka, kujera ta manne min a baya, layin jagora a allo ya yi tsalle sama yana neman digiri 15. GA, alamar fasa sauka, ya fito ɓaro-ɓaro a saman allon, inda ya kamata idona ya je, amma idona yana kan titi, zuciyata kuma ta riga ta sauka. Sai na tura sitiyari gaba da hannun dama, na finciko sandunan baya da na hagu. Suka biyo ni, don an yi su yadda mutum zai iya rinjayar motar da ke tura su. Na ɗan sassauta, suka koma gaba abinsu. Na sake jawowa. Suka sake komawa. A nan ne wai aka ji na ce "Kai, tsaya mana!" Ban musa ba, amma da murya ƙasa-ƙasa na faɗa, ba ihu ba kamar yadda ake yaɗawa.

Gudu ya doshi not 175, iyakar filaf 30. Titi ya fara shigewa ƙarƙashin hanci. Kyaftin ya ce, "Gudu." Ya sake cewa, "Gudu." Sannan ya juyo gaba ɗaya ya dube ni: "Wai sauka muke ko tashi?"

Na tattaro sauran muryata na ce, "Mun fasa sauka, filaf 15." Jirgin dai ya daɗe da yanke wannan shawarar, sanarwa kawai na yi.

Muna hawa, Malam ya sauya murya ya zama mai kula da zirga-zirga, ya tambayi dalilin fasa sauka, kamar yadda ake yi a gaske. Rediyo aikin Kyaftin ne a wannan zangon, amma ya naɗe hannu ya ce, "Faɗa masa da kanka." Na danna na ce iska ce ke kaɗawa a kusa da ƙasa. Aka yi shiru. Sai Malam da muryarsa ta ainihi: "Not 6 na sa, daga gaba, kuma tun da na rubuta ta ba ta motsa ba."

A ɗakin bita Malam bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya tuna mana Amsterdam a 2009, 737-800 irin wannan, inda ma'aunin tsayi na rediyo na hagu ya nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili, totur ya ɗauka an zo taɓa ƙasa ya koma baya, gudu ya zube ba a farga da wuri ba, mutum 9 suka rasu. Da San Francisco a 2013, 777, totur yana HOLD, wato ya daina motsa sandunan, matuƙan suna zaton yana riƙe musu gudu, har ya sauko not 103 inda ake son 137. Ya ce shi ba ruwansa da gardamar a kunna ko a kashe, kowane jirgi da littafinsa, kowane kamfani da tsarinsa. Abin da yake nema, ka karanta layin saman allo ka san wa ke riƙe da wuta a wannan daƙiƙar, in kuma TO/GA ya shiga kana ƙasa-ƙasa, ka bi shi ka tafi, ka dawo ka sake. Ɗaki ya yi tsit, ni ma jikina ya yi sanyi.

Sai yaron ya ɗaga hannu.

"Malam, don Allah ko za a mayar da bidiyon baya kaɗan? Ban ga wurin sosai ba."

Aka mayar. Ga ni a allo, baki buɗe, ina ja sanduna suna ƙwacewa. Ya ce a sake, a hankali. Aka sake. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, sannan ya juyo da ladabinsa duka: "Yallaɓai, wane yatsa ne? Don in kiyaye."

Don in kiyaye! Yaron da ko tayar jirgin gaske bai taɓa sa wa a ƙasa ba. Yaron da na zauna da shi har dare ina zana masa tsarin haidirolik A da B a bayan takarda, na ba shi littafina mai bayanan da na rubuta da hannuna a gefe. Kuma wa ke yawo da jan biro in ba mai neman laifin mutane ba? Malam kansa da baƙi yake rubutu. Na leƙa takardarsa da zai fita, ya zana hannu, yatsu biyar, ya kewaye ɗaya ya ja masa layi biyu. Ku da kuke cewa yaro ne mai son koyo, to shi mai son koyon ne ya ƙirƙiro gaisuwar nan da ake min yanzu, a ɗaga manuniya a lanƙwasa ta sau biyu. Har mai ba jirgi hannu a filin ajiyewa ya yi min ita, ta gilashi, da sandunan fitilarsa a hammata.

Na ci jarrabawar, ba wanda yake faɗin wannan. Zagaye na biyu na kashe otofailot da totur tare, na riƙe wutar da hannuna, jirgin ya kwanta lif har ƙasa.

Fitata ta gaba a jirgin gaske da wani kyaftin ne daban, wanda na ɗauka bai ji ba. Muka yi bayanin sauka, na ce zan kashe otofailot da totur tare in mun daidaita. Ya ce to. Da lokaci ya yi na kai hannu, sai na ga ya bar kallon waje ya zuba wa yatsuna ido, nasa hannun yana shawagi a bayan sandunan. Na danna da babban yatsa, na sake dannawa jar fitilar ta daina ƙiftawa. Saukar ta yi kyau ƙwarai, ba kyamara, ba mai biro. Da muka tsaya ya ce, "Ashe yana aiki," ya ci gaba da cike takardunsa.

Littafin nawa dai har yau yana hannun yaron. Wanda ya gan shi ya ce masa ina nema, kuma kada in tarar da jan biro a ciki.